Ƙusa a Dunduniya: Iya Abin da Kaburburan Ƙudus Suka Shaida Kan Labarin Linjila

A shekarar 1968, ana cikin aikin gine-gine a unguwar Gibat Hamibtar da ke arewacin birnin Ƙudus, ma'aikata suka ci karo da wasu kaburbura da aka sassaƙa cikin dutse. Da masanin tonon kayan tarihi Basiliyos Zaferis ya shiga ɗaya daga ciki, sai ya tarar da wani ƙaramin akwatin dutse mai ɗauke da ƙasusuwan wani saurayi, an rubuta sunansa a jiki: Yehohanan. A ƙashin dunduniyarsa ta dama akwai ƙusar ƙarfe mai tsawon santimita 11.5, ta huda ƙashin daga gefe ta fita ta ɗaya gefen. Tsinin ƙusar ya lanƙwashe kamar ƙugiya, da alama ta haɗu da gaɓar itace lokacin da ake buga ta. Lanƙwasar nan ce ta hana a zare ta, sai aka binne mutumin da ita. Wannan shi ne karo na farko da aka riƙe a hannu ƙashin mutumin da Romawa suka gicciye, kuma a kabarin danginsa aka same shi.

Ƙashin bai kai tafin hannu girma ba, amma ya shiga tsakiyar wata tsohuwar muhawara. Littattafan Linjila huɗu sun ce bayan an gicciye Yesu a zamanin gwamna Bilatus, wani Bayahude mai suna Yusufu na Arimatiya ya roƙi gawar, ya naɗe ta da lilin, ya sa ta a kabarin da aka sassaƙa cikin dutse kafin faɗuwar ranar Juma'a. Shin hakan ya yi daidai da yadda ake yi a lokacin, ko kuwa labari ne da aka tsara daga baya?

Tun kafin a yi nisa, akwai abin da ya kamata a ajiye a fili. Musulmi ya yi imani da abin da ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 157, cewa ba a kashe Annabi Isa (AS) ba, ba a gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne. Kirista kuma ya yi imani cewa an gicciye shi, an binne shi, ya tashi a rana ta uku. Cebur da burushin mai tono ba su isa ko ɗaya daga cikin waɗannan wuraren biyu ba. Abin da masanin tarihi ke iya tambaya ƙarami ne: yaya Yahudawan Ƙudus ke yi da gawa a ƙarni na farko, kuma waɗanda suka rubuta Linjila sun san hakan ko ba su sani ba? Tambayar ba ta rasa amfani ko ga Musulmi, domin manyan malaman tafsiri da dama sun ce an jefa kamanninsa a kan wani ne aka gicciye wancan. Ke nan ko ta wace fuska akwai gawa a kan gungume a yammacin ranar, kuma akwai dokar da ta shafe ta.

Dokar tana cikin Attaura, a Maimaitawar Shari'a 21:22-23. Wanda aka kashe bisa hukunci aka rataye a itace, kada gawarsa ta kwana a can, a binne shi a ranar, don kada a ƙazantar da ƙasar. Gaggawar nan ba ta masu laifi kaɗai ba ce. Mishna, kundin dokokin malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekarar 200 Miladiyya, ta ce wanda ya bar mamacinsa ya kwana ya saɓa doka, sai dai idan ya jinkirta ne don darajar mamacin, kamar nemo akwati da likkafani. A littafin Ayyukan Manzanni an ba da labarin Hananiya, wanda ya faɗi ya mutu, samari suka naɗe shi suka kai shi, matarsa ta shigo bayan kamar awa uku ba ta ma san an binne shi ba. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba: wanka, likkafani, makara, a kai mutum makwancinsa kafin rana ta faɗi. Inda aka rabu shi ne kuka. Matiyu ya ce da Yesu ya shiga gidan da yarinya ta rasu ya tarar da masu busa sarewa da taron masu hayaniya, ita kuma Mishna ta ce ko matalaucin da ya fi kowa talauci a Isra'ila, in matarsa ta rasu, kada ya gaza masu sarewa biyu da mace ɗaya mai kukan makoki.

Kaburburan da suka rage har yau akasarinsu na masu hali ne. A kan sassaƙa ɗaki cikin dutse a gefen tudu, a wajen gari, da 'yar ƙofa wadda sai an sunkuya ake shiga. A jikin bangon ɗakin a haƙa ramuka masu zurfin kamar mita biyu da faɗin kamar rabin mita, a tura gawa ciki a kwance da tsawonta, a toshe bakin da dutse. Wasu kuma dakali ake sassaƙawa a jikin bango, da baka a samansa, a shimfiɗe gawar a kai. Bayan kamar shekara guda, in nama ya zube, sai dangi su dawo su tsince ƙasusuwan su zuba a akwatin farin dutse mai laushi, wanda tsawonsa bai wuce na ƙashin cinya da kaɗan ba. Wani lokaci a karce sunan mamacin a jiki da ƙusa, rubutun a karkace, na ɗan uwa ne da ke aiki cikin duhu da fitilar mai. Ramin kuma ya koma jiran na gaba.

Tara ƙasusuwa tsohuwar al'ada ce. A zamanin sarakunan Yahuza, rami ɗaya ake yi a ƙarƙashin dakali, ana tura ƙasusuwan kakanni ciki gaba ɗaya. A Ketef Hinnom da ke Ƙudus, a 1979, masanin tonon kayan tarihi Gabriyel Barkai ya sami irin wannan rami da ba a taɓa wawashe shi ba, da ƙasusuwan mutum aƙalla 95, da wasu 'yan layu biyu na azurfa masu ɗauke da addu'ar albarka ta Littafin Ƙidaya sura ta 6, na wajen shekara 600 kafin Miladiyya. Wanda ya ga wannan ramin zai fahimci abin da Attaura ke nufi in ta ce an tara wane ga mutanensa. Amma akwatin ƙashi na mutum ɗaya sabon yayi ne. Ya bayyana a Ƙudus a zamanin sarki Hirudus, wajen shekara 20 zuwa 15 kafin Miladiyya, ya kusan ɓacewa daga birnin a shekara ta 70 da Romawa suka rushe Haikali, babban ɗakin ibadar Yahudawa. Wasu masana sun danganta shi da imanin Farisiyawa, wata ƙungiyar malaman Yahudawa, kan tashin matattu. Ni dai hujjar ɗaya ɓangaren ta fi gamsar da ni, wato cewa kwaikwayon manyan Roma ne masu adana tokar matattunsu a ƙananan akwatuna, aka gyara shi ya dace da dokar da ba ta yarda da ƙona gawa ba. A 1990 an gano wani kabari a kudancin Ƙudus da akwati mai ado ƙwarai, an rubuta Yusufu ɗan Kayafa, da ƙasusuwan dattijo mai kimanin shekara 60 a ciki. Masana da yawa suna ganin babban firist ɗin nan ne da Linjila ta ambata. Gidajen manyan firistoci kuwa sun karkata ne ga Sadukiyawa, waɗanda ba su yarda da tashin matattu ba sam. A cikin kabarin kuma an sami kwabon sarki Agaribas na shekarar 42 zuwa 43 a ƙoƙon kan wata mata, al'adar Girkawa ta sa wa mamaci kuɗin jirgin fito zuwa lahira. A gidan babban firist fa.

Talaka ba shi da kogo. Rami ake haƙa masa a ƙasa. A maƙabartar Kumran, gab da Tekun Gishiri, akwai kaburbura fiye da dubu: rami mai zurfi, a ƙasansa an rarake gefe ɗaya an sa gawar, an toshe da duwatsu ko tubali, sannan aka mayar da ƙasa. Lahadu ke nan sak. Irin waɗannan kaburbura ba sa jure gine-gine da noma na shekara dubu biyu, shi ya sa abin da muka sani ya fi karkata ga masu kuɗi. Yesu na Linjila kuwa talaka ne daga Galili, ba shi da kabarin dangi a Ƙudus. Bisa al'ada rami ne rabonsa.

A nan ne masu shakka suka kafa hujjarsu, kuma hujja ce mai nauyi. Gicciyewa ba kisa kawai ba ne a wurin Romawa, tozartawa ce da gargaɗi, kuma barin gawa ga tsuntsaye yana cikin hukuncin. Mawaƙin Roma Horas ya yi maganar ciyar da hankaki a kan gicciye kamar abin da kowa ya sani. Masanin Linjila Jon Dominik Kurosan ya ce a 1994 mai yiwuwa karnuka ne suka cinye gawar ko aka jefa ta wani rami, Bat Eman ma ya bi kusan wannan ra'ayi a 2014. Suna cewa Bilatus, wanda ya mulki Yahudiya daga 26 zuwa 36, ba mutum ne mai lallashin Yahudawa ba, kuma wanda aka kashe da tuhumar kiran kansa sarki ba a yi masa alfarma. Suna kuma ƙirga: Yosifus, marubucin tarihi Bayahude na ƙarnin, ya ce gwamna Barus ya gicciye mutum 2,000 bayan mutuwar Hirudus, kuma a lokacin ƙawanyar shekara ta 70 akan gicciye 500 ko fiye a rana. Cikin dubban nan, ƙashin mutum ɗaya tak aka samu a kabari a Ƙudus.

Sai dai ƙirgar nan ba ta kai inda ake son ta kai ba. Yehohanan ma da ƙusarsa ba ta lanƙwashe ba da babu wanda zai san yadda ya mutu. Wanda aka ɗaure da igiya ba ya barin alama a ƙashi. Ƙusa kuma abu ne mai daraja, ana zarewa, har Mishna ta ambaci masu yawo da ƙusar wanda aka gicciye a matsayin magani. Sannan Yosifus ɗin nan dai, yana sukar wasu mayaƙa da suka yasar da gawawwaki a Ƙudus, ya ce Yahudawa suna kula da jana'iza har ma waɗanda aka yanke wa hukuncin gicciye akan sauke su a binne kafin faɗuwar rana. Mutumin firist ne haifaffen Ƙudus, an haife shi a shekara ta 37, kuma ba Kirista ba ne balle a ce yana kare wani. Dokar Roma kanta, kamar yadda aka tattara ta a zamanin sarki Jastiniyan, ta kawo maganar masanin shari'a Ulfiyan cewa ba a hana dangi gawar wanda aka kashe, ko da yake ya ƙara da cewa wani lokaci akan hana, musamman a laifin cin amanar sarki. Kowane ɓangare yana ɗaukar rabin maganar da ya yi masa daɗi. In aka haɗa duka, abin da ya fito shi ne: a lokacin yaƙi ba a tambayar kowa, a lokacin zaman lafiya kuwa, a jajibirin Idin Ƙetarewa, birni cike da mahajjata, gwamnan da ba ya son tarzoma yana da dalilin barin a sauke gawa. Binnewar abu ne mai yiwuwa ƙwarai, kuma hakan ne matsayin masana irin su Jodi Magnes, wadda ta shafe shekaru tana tono a ƙasar.

Akwai kuma shaidar da ta girmi Linjila. Bulus, a wasiƙarsa ta farko ga Korintiyawa wajen shekara ta 54, ya kawo wata magana da ya ce shi ma karɓarta ya yi, a cikinta akwai cewa an binne shi. Bai ambaci Yusufu ba, bai ambaci kogo ba.

To wane irin binnewa? A nan nake ganin masu kare Linjila sukan yi saurin wucewa. A jera littattafan huɗu bisa tsufansu a ga yadda Yusufu ke canzawa. A Markus, wanda aka rubuta wajen shekara ta 70, ɗan majalisa ne mai mutunci da ke sauraron mulkin Allah. Ya sayi lilin, ya naɗe gawar, ya sa a wani kabari, shi ke nan. Ba a ce an yi wanka ba, ba a ce an shafa turare ba. Markus ɗin kuma ya riga ya ce dukan majalisar ce ta yanke hukuncin kisa. Luka ya gyara wannan, ya ce Yusufu bai yarda da shawararsu ba, kuma kabarin ba a taɓa sa kowa ciki ba. Matiyu ya mai da shi attajiri kuma almajiri, kabarin nasa ne na kansa, sabo. A Yohanna, na ƙarshensu, almajiri ne a ɓoye, ga Nikodimu ya zo da mur da aloyis awo ɗari, wato fiye da kilo 30, kabarin kuma cikin lambu. Wannan jana'izar sarki ce. Yosifus ya ce a jana'izar Hirudus bayi 500 ne suka ɗauki kayan ƙanshi. Kuma in har an zuba wannan turare ranar Juma'a, me matan Markus suka je yi da nasu ranar Lahadi da asuba?

Ƙasan labarin, wanda ya fi kama da tsohon tushe, ba shi da ado. Bayahude mai tsoron doka, rana tana gab da faɗuwa, Asabar tana shigowa wadda ba a haƙa rami a cikinta, sai ya yi abin da ya fi sauri: ya sa gawar a kogon da ke kusa ya toshe. Ba lalle ne ya zama masoyi ba. Ayyukan Manzanni 13:27-29 ma ta ce mutanen Ƙudus da shugabanninsu, waɗanda suka nemi a kashe shi, su ne suka sauke shi suka sa a kabari. Mishna ta ce kotun Yahudawa tana da maƙabartu biyu na waɗanda ta kashe, ba a kai su kabarin iyayensu sai nama ya zube, kuma ba a yi musu zaman makoki. Ko wannan doka ta hau kan wanda Romawa suka kashe, ana jayayya, tunda ga Yehohanan a cikin danginsa. Amma abin lura ne cewa babu Linjila ko ɗaya da ta ambaci makara, ko masu sarewa, ko kabarin dangi, ko zaman makoki. Masani Bairon Makken ya dogara da wannan ya ce an binne shi, amma binnewar wulaƙanci. Ita ma Mishna sai an yi hattara da ita, domin an rubuta ta bayan shekara 130 da rushe Haikali, kuma wani lokaci tana faɗin yadda malamai ke son a yi ne.

Batun dutsen bakin kabari ya nuna yadda abu ɗaya ke iya zama hujjar kowa. Hotunan coci duk suna nuna faifan dutse mai zagaye ana mirgina shi. Amos Kulona, wanda ya yi nazarin kaburbura fiye da 900 na wannan zamani a kewayen Ƙudus, ya sami huɗu kacal masu irin wannan faifai, duk na gidajen sarauta da manyan attajirai, kamar kabarin sarauniya Helena ta Adiyabin. Sauran dutse ne mai kusurwa huɗu da ake cusawa a ƙofa kamar murfi. Faifan ya yawaita ne a ƙarnonin baya. Mai shakka zai ce marubutan sun zana kabarin zamaninsu ne. Mai karewa zai ce ai Yusufu attajiri ne, ko kuma dutse mai kusurwa ma da juyi ake kawar da shi. Kulona da kansa ya karkata ga mai kusurwar. A gefe guda, Yohanna ya ce almajirin ya sunkuya ya leƙa, kuma an ga inda kai yake da inda ƙafa take, abin da ya dace da ƙaramar ƙofa da dakali. Ya kuma ce mayafin kai yana gefe daban da sauran lilin. A shekarar 2000, Shimon Gibson da abokan aikinsa sun buɗe wani rami da aka liƙe da farar ƙasa a kwarin Hinnom, suka sami gawar mutumin ƙarni na farko da ba a taɓa tsince ƙasusuwansa ba. Gwaji ya nuna yana da kuturta da tarin fuka. Ragowar likkafaninsa ƙyallaye ne daban-daban na ulu da lilin, saƙa mai sauƙi. Wannan ya yi daidai da Yohanna, ya kuma saɓa wa shahararren mayafin nan na Turin a Italiya da wasu ke cewa likkafanin Yesu ne, mai saƙa mai wuya, wanda gwajin 1988 ya sa shi tsakanin shekarar 1260 da 1390.

Duk wannan ya tabbatar da abu guda sosai: labarin ya fito daga mutanen da suka san Ƙudus ta kafin shekara ta 70. Sun san ranar shiri, wato jajibirin Asabar, sun san kogo da dutsensa, sun san a shafa wa kaburbura farar ƙasa kafin idi don kada mahajjaci ya taka ya ƙazantu, sun san Kayafa da Bilatus, wanda aka sami sunansa a jikin dutse a Kaisariya a 1961. Wannan ya isa ya rushe da'awar cewa wasu baƙi ne can nesa suka ƙirƙiro komai. Amma kama da wane ba ta wane. Wanda ya san gari yana iya ba da labarin gaskiya a kansa, yana kuma iya ƙara gishiri, duka biyun su dace da al'adar garin. Dacewa da al'ada tana cire labari daga sahun abin da ba zai yiwu ba, ba ta sa masa hatimi.

Masu neman hatimin nan su ne kasuwar 'yan talla. A 1980 an buɗe wani kabari a unguwar Talfiyot ta Ƙudus, da akwati mai sunan Yeshuwa ɗan Yusufu da wani mai sunan Mariya, a 2007 aka yi ta yayata cewa kabarin iyalin Yesu ne. Ƙididdigar sunaye da Tal Ilan ta yi ta nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na matan Yahudawan wannan zamani Maryamu ne sunansu, Yusufu kuma yana cikin sunaye biyu mafi yawa na maza. Mafi yawan masana ba su karɓi da'awar ba.

Wurin kabarin kansa ma haka. Masu ziyara da yawa sun fi son Kabarin Lambu da ke arewa da Ƙofar Dimashƙa, saboda shiru da furanni, wurin da ya yi suna bayan ziyarar Janar Godon na Ingila a 1883. Barkai ya nuna a 1986 cewa sassaƙarsa ta ƙarni na 8 zuwa na 7 ce kafin Miladiyya, don haka ba zai zama sabon kabari a zamanin Bilatus ba. Cocin Kabari Mai Tsarki, mai cunkoso da hayaƙin kyandir, ta fi shi hujja. Wurin tsohuwar mahaƙar dutse ce, a wajen ganuwa yake har zuwa lokacin da Agaribas ya faɗaɗa birnin tsakanin 41 da 44, kuma har yau akwai ramukan kabari na ƙarni na farko a wani lungu a bayan ginin. Lokacin da sarkin Roma Kustantin ya sa a tona wajen 326, wurin yana tsakiyar gari, ƙarƙashin haikalin gumaka da wani tsohon sarkin Roma, Hadiriyan, ya gina. Mai ƙirƙira da ya karanta Linjila da wajen gari zai nufa, zaɓen wuri mai wahala irin wannan yana nuna akwai tsohon zance da ake bi. A watan Oktoban 2016, masu gyara daga jami'ar fasaha ta Atina suka ɗaga marmarar da ta rufe dakalin na tsawon awa 60, suka ga dutsen asali a ƙasa. Turmin da ke tsakaninsa da tsohuwar marmarar ya nuna wajen shekarar 345. Wato wurin da ake ziyarta yau shi ne wanda mutanen Kustantin suka zaɓa, kuma tsakanin zaɓinsu da zamanin Bilatus akwai kusan shekara 300.